Maharazu Mai Injin Iska

Maharazu mutumin Pauwa ne, ta ƙasar Kankara, kuma haƙar rijiya ya gada. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, irin jikin da rami ke so. Ba shi da yawan magana, sai yawan tambaya. Da damina yakan yi noma a gonar gado tare da wansa Mamuda. Da rani kuwa sai ya ɗauki dagi da igiya da kwando, shi da amininsa Gide, su bi ƙauyuka daga Mabai har bakin Sabuwa, duk inda ake neman ruwa. Gide dogo ne, mai barkwanci, ba ya iya yin shiru ko yana ƙasan rami. Shekara goma sha ɗaya suna tare, wannan ya shiga wancan ya riƙe igiya, ba su taɓa barin rijiya ba ta kawo ruwa ba sai guda biyu, su ma dutse ne ya tare.

A shekarar 1977, lokacin da kuɗin fetur suka cika ƙasa har lebura ke sayen rediyo da keke a wata ɗaya, aka zo gina gidaje ashirin da huɗu a bayan garin Faskari, don ma'aikatan wani shirin noma na gwamnati. Gidaje ne irin na birni, da famfo da masai na ruwa a cikin ɗaki. Aka yi shelar ana neman waɗanda suka san rami. Maharazu da Gide suka je.

Ramin da aka sa su haƙa ba rijiya ba ne. Dogo ne, mai kusurwa huɗu, zurfinsa gaba biyu, a gangaren da ke ƙasan gidajen. Da aka gama, birkiloli suka raba shi ɗaki uku da bangon siminti. Sauran leburori ba wanda ya damu, aiki dai aka ce su yi. Maharazu ne ya kasa haƙuri. Ran nan ya tare injiniyan da ke kula da aikin, wani saurayi Bazazzagi mai tabarau, Malam Harisu.

"Ranka shi daɗe, wanga rami na mi ne? In salga ce, ban taɓa ganin salga mai ɗakuna ba."

Malam Harisu ya dube shi, da alama ya daɗe yana jiran wanda zai tambaya. Ya kama hannunsa ya kai shi bakin ramin.

"Ka ga ɗakin farko? Duk abin da ya fito daga gidajen nan, na masai da na wanka da na wanke-wanke, nan zai fara sauka. Mai nauyi ya kwanta ƙasa, maiƙo ya taso sama, ruwan tsakiya ya bi wancan bututu ya shiga ɗaki na biyu. To, a nan aikin yake. A cikin ƙazantar kanta akwai wasu halittu ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Ƙazantar ce abincinsu. Amma iri biyu ne. Akwai masu zama inda babu iska, su ne na cikin salga, suna ci a hankali suna fitar da wari. Akwai kuma masu son iska kamar ni da kai. In ka wadata su da iska, abin da na salga za su yi watanni suna ci, su a yini guda sun gama da shi, kuma babu wari."

"Iska a cikin ruwa?"

"Inji zai hura. Za mu shimfiɗa bututu masu ƙananan huji a ƙasan ɗakin, iska ta riƙa tasowa dare da rana. Daga nan ruwan ya wuce ɗaki na uku, inda ba motsi. Halittun su kwanta ƙasa, a mayar da su ɗaki na biyu su ci gaba da ci, ruwan sama kuma ya bi ta kan ƙwayar magani ya fita garau."

Maharazu ya sake leƙa ɗaki na biyu. Can ya ce, "Ashe kiwo ne."

Malam Harisu ya yi dariya. "Kiwo ne. Sai dai dabbobin, in aka hana su iska kwana biyu, sun mutu."

Da aka gama aikin aka sallami leburori, Malam Harisu ya ce shi Maharazu yake so ya riƙe injin. Aka ba shi kaki da takalmin roba da ɗaki biyu a gefen ramin. Gide ya koma Pauwa yana yi masa tsiya, wai abokinsa ya samu sarauta, a riƙa ce masa Sarkin Masai. Maharazu ya ɗauko matarsa Lauratu da 'yarsu Barakatu suka tare.

Ranar da aka tayar da injin, sai da suka je rugar da ke kusa suka ɗebo ɗanyen kashin shanu buhu huɗu suka zuba a ɗaki na biyu, don a samu iri. Ruwan ya kama tafasa ba wuta. Mako na farko farin kumfa ya riƙa tasowa har yana fitowa ta murfi, Maharazu ya tsorata. Malam Harisu ya ce ya bar shi, dabbobin ne ba su yi yawa ba tukuna. A mako na uku kumfan ya kwanta, ruwan ya koma launin kunun kanwa, kuma in ka sunkuya ba abin da za ka ji sai ƙamshin ƙasa irin na ruwan farko. A bakin bututun ƙarshe kuwa ruwa ne ke zuba, fari tas.

Malam Harisu ya koya masa aikin kamar karatun allo. Kowace safiya ya ɗebi ruwan ɗaki na biyu a kwalba, ya ajiye rabin awa. In lakar ta kwanta ta tsaya wajen kashi ɗaya cikin uku, ruwan sama ya washe, lafiya lau. In ta yi yawa, a rage. In ta yi baƙi, iska ta yi kaɗan. Ya sa wa inji giris, ya duba bel, ya kakkaɓe matatar iska, ya kwashe tsummokaran da suka maƙale a ragar da ke tare shara a bakin ɗakin farko. Abu ɗaya Malam Harisu ya maimaita masa har sau uku.

"Kada ka shiga ɗakin farko, ko mene ne ya faɗa. In kuma inji ya tsaya, duka ukun sun zama ɗaya. Iskar da ke taruwa a ciki ba ta ba mutum lokacin yin salati."

"Na san mugunyar iska, ranka shi daɗe. Mukan zura fitila a rijiya, in ta mutu ba mu shiga."

"Wannan ta fi ta rijiya. Wani lokaci fitilar ba za ta mutu ba, kai ne za ka mutu."

Abin da ya fi ba Maharazu wuya ba injin ba ne, mutanen gidajen ne. Sai ya ga ruwan ya canza, ya san wata ta zuba kananzir ko ruwan maganin masai mai ƙarfi, ko wani direba ya juye baƙin mai a kwata. Sai ya bi gida gida yana sallama daga nesa, yana roƙo. Wasu su ji, wasu su aiko a ce masa su ba su san akwai abin da ya haramta a zuba a masai ba. Matar wani akawu ta taɓa ce masa ta taga, in dabbobin nasa masu zaɓen abinci ne, ya kai su otal.

A gari ma haka. Ranar Juma'a in ya shiga sahu, sai ya ga na kusa da shi yana ɗan janye riga, alhali ya yi wanka ya sa turare. Da abin ya dame shi, ya cika kwalba da ruwan bututun ƙarshe ya kai wa liman.

"Allah gafarta Malam, wanga ruwa mi ne hukuncinshi?"

Liman ya ɗaga kwalbar ya duba a hasken rana, ya shinshina. Ya ce launi bai canza ba, wari babu, saura ɗanɗano, shi kuwa ba zai ɗanɗana ba kuma ba zai sa kowa ba. Kada a sha, kada a yi alwala, amma ban ruwan itatuwa bai ga laifinsa ba. Sannan ya ƙara da cewa mai kawar da ƙazanta daga hanyar mutane lada gare shi. Maharazu ya riƙe wannan magana, ko da yake ba ta hana kowa janye riga ba.

Da ruwan suka yi lambu, shi da Lauratu. Ayaba, gwanda, rake, zogale, da lemun tsami guda shida. Da rani, duk ƙasar ta bushe, wurin nan kaɗai ke kore shar. Da farko ba mai saye. Sai Lauratu ta riƙa ba wata 'yar'uwarta tana kai wa kasuwa ba tare da an faɗi daga inda suka fito ba. Gide kan biyo duk ranar kasuwar Faskari, ya zauna a inuwar ayaba ya sha rake har ya gaji, yana cewa shi dai bai ga abin da Sarkin Masai ya rasa ba sai 'yan rakiya. Shekara huɗu aka yi haka. Lauratu takan ce su ne shekarun da ta san ta yi aure.

Wansa Mamuda sau ɗaya ya zo. Ya ƙi zama, ya ƙi shan ruwa, ko da na randa ne. Ya tsaya a bakin lambu ya ce, "Ka bar gonar ubanmu ka zo gadin kashin wasu. In ba ka dawowa, faɗa mani, yara sun girma suna son wurin noma."

"Su noma, Yaya. Aikin gwamnati ne, ba inda za shi."

Haka ya bar rabonsa, da baki, ba shaida.

A shekara ta biyar aka yi wa Malam Harisu canjin wurin aiki zuwa Kaduna. Ya bar wa Maharazu littafin injin, da Turanci, da bel biyu, da gwangwanin giris. Ba a kawo wani a madadinsa ba. Ba a daɗe ba rediyo ya fara maganar tsuke bakin aljihu, wai farashin fetur ya faɗi a kasuwannin duniya. Maharazu bai ga abin da ya haɗa shi da kasuwannin duniya ba, sai da manajan gidajen ya ce daga yau janareton da ke ba gidajen da injin wuta ba zai riƙa kwana yana aiki ba, daga magariba zuwa ƙarfe goma ne kawai.

"Ranka shi daɗe, awa huɗu ba ta isarsu. Numfashi ne."

"Numfashin wa?"

Maharazu ya fara bayanin ɗakuna uku. Manaja ya katse shi ya ce mutane ma fanka ba su samu ba, balle tsutsotsi.

Ruwan ya fara duhu. Maharazu ya samo dogon gora ya ɗaure masa faifan katako, ya riƙa tsayawa a bakin murfi yana dama ruwan tun hantsi har la'asar, ko iska ta ɗan shiga. Ya rage mugun abu, bai hana ba. Motar da ke zuwa duk shekara ta zuƙe lakar ɗakin farko ta daina zuwa. Ƙwayar magani ta ƙare. Bel biyun suka tsinke ɗaya bayan ɗaya, ya kai wa wani baduku ya yanka masa na fata, yana yin mako biyu ya saki. A ƙarshe, wata Laraba, injin ya yi wata ƙara kamar ana jan kwano a kan dutse, ya tsaya. Makanikin janareto ya buɗe ya ce wani ƙarfe ne ya narke a ciki, kuma irinsa sai daga ƙasar waje.

Maharazu ya naɗe ƙarfen a tsumma ya shiga mota. Ya zaga Funtua, ya zaga Zariya, masu kayan inji suna juya shi a hannu suna girgiza kai. Ya sa malamin makaranta ya rubuta wa Malam Harisu wasiƙa. Amsa ta zo bayan wata biyu, gajeriya: ya kai maganar gaba, an ce babu izinin shigo da kaya, ya yi haƙuri, kuma don Allah kada ya shiga ramin.

Kafin amsar ta zo ya riga ya gwada dabara ta ƙarshe. Ya je wurin Rabo maƙeri ya ari zugazugai biyu manya, suka haɗa bakinsu da bututun iskar da robar taya. Gide ya bar rijiyar da yake haƙa a Mabai ya zo. Su uku suka riƙa karɓa-karɓa, suna zuga kamar za su narkar da ƙarfe. Da Maharazu ya leƙa, sai ya ga 'yan kumfa suna tasowa a kusurwa ɗaya, kamar kifi na numfashi. Ruwan ya fi ƙarfin fatar akuya. Suka yi kwana biyu a kai. A na uku Rabo ya ce kafaɗunsa sun mutu, kuma manoma na jiran garemani. Gide ya zauna yana haki, ya ce, "Maharazu, ko jinyar uwa ce, akwai ranar da ake cewa sai addu'a."

Ruwan ya koma baƙi ƙirin. Warin ruɓaɓɓen ƙwai ya tashi ya rufe gangaren. Gidaje ashirin da huɗu kuwa ba su daina zubo nasu ba, don ba wanda zai daina shiga ban-ɗaki saboda inji ya mutu. Abin da ke shiga shi ke fita. Lemun tsamin suka fara zubar da ganye. Baƙin ruwan ya wuce lambu ya gangara rafin da makiyaya ke shayar da shanu, kusa da 'yan rijiyoyin unguwar da ke ƙasa. Da damina ta sauka, gudawa ta shiga unguwar. Mutane ba su san manaja ba, ba su san Kaduna ba, Maharazu suka sani. Mai unguwa ya kira shi gaban dattawa.

"Kai ka ce mana ruwan nan garau shike fita."

"Da haka shike, Baba. Iska ce babu."

"Iska ta ƙare a duniya?"

Maharazu ya tashi daga gaban dattawan. Ya koma ya haƙa dogon lambatu shi kaɗai, ya karkatar da ruwan zuwa wani kwari nesa da rijiyoyin. Lauratu ta ce su tattara su tafi tun da sauran mutunci. Ya ce in ya tafi wa zai riƙa kwashe raga, kuma wataƙila ƙarfen na hanya. Suka tura Barakatu wurin kakanninta a Sabuwa saboda warin, su suka zauna.

Da rani ya zagayo, lakar ɗakin farko ta cika ta yi ɓawo, ta toshe bututun da ke shiga na biyu. Masai ya fara dawowa cikin gidaje. Manaja ya zo da kansa da hantsi, hankici a hanci, ya ce gobe manyan baƙi za su zo duba shirin, yana son a buɗe hanyar yau. Ranar kasuwa ce, Gide na nan.

Suka ɗaga murfin suka ja baya. Suka gwada zura gora daga sama, amma bakin bututun na can ƙarƙashin lanƙwasa, goran ba ya kaiwa. Maharazu ya ce a bar shi a buɗe ya sha iska kwana biyu. Manaja ya ce ba shi da kwana biyu, in ba zai iya ba akwai masu neman aiki. Ya juya ya tafi.

"Tsani za mu sa," in ji Gide. "Taki uku kawai, kaina na waje. Ni dogo ne."

"Ba ka shiga. Tsaya in ɗauko igiya da fitila mu gani tukuna."

Ɗakin Maharazu bai fi taki arba'in daga ramin ba. Yana cikin kwance igiyar daga ƙusa ya ji Lauratu ta kira sunansa, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka ɗaura masu aure. Tana shanya ne ta ga komai. Gide ya zura tsani, ya sauka taki uku kamar yadda ya ce, ya sunkuya ya caka goran ya fasa ɓawon. Sai ta ga ya zauna a kan matakin kamar wanda ya gaji, sannan ya sulale.

Maharazu ya ɗaura igiya a ƙugu yana gudu, ya miƙa wa Lauratu da wasu masu gadi biyu bakinta. Ya ja numfashi ya riƙe, ya sauka. Lakar ta kai masa ƙirji. Ya lalubo rigar Gide, ya zagaya masa ragowar igiyar a hammata, ya ƙulla irin ƙullin da suka saba. Ƙullin ne ya ci lokaci. Ƙirjinsa ya ƙi, ya shaƙa sau ɗaya. Abin da ya iya tunawa daga baya shi ne warin ya ɗauke gaba ɗaya, har ya ji daɗi, ya ce a ransa ashe ƙasan ba wari.

Lauratu da masu gadin ne suka jawo su waje da igiyar. Washegari ya farfaɗo a ɗakin shan magani. An riga an binne Gide tun jiya da la'asar, a Faskari, don ba a iya kai shi gida a yadda yake ba. Baƙin ma ba su zo ba, an ɗaga ziyarar.

Da ya iya tsayuwa ya tafi Pauwa ta'aziyya. Safara'u, matar Gide, tana cikin takaba, ta yi masa magana ta bayan asabari. Ba ta ɗaga murya ba.

"Shekara ashirin shina shiga rami shina fitowa. Na san kwana ne ya ƙare, ban riƙe ka da komi ba. Amma don Allah, Malam Maharazu, kada ka riƙa zuwa. In yara sun gan ka, sai su leƙa bayanka."

Bai sake zuwa ba.

Bayan wata ɗaya takarda ta zo daga ofis. Malamin makarantar nan ya karanta masa: an bincika, an samu mai kula da inji da sakaci, ya bar wanda ba ma'aikaci ba ya shiga wurin aiki, an sallame shi. Ba a ambaci ƙarfe ba, ba a ambaci motar zuƙe laka ba. Aka toshe bututun gidajen da siminti, aka haƙa wa kowane gida salga a baya. An yi wa Maharazu tayin haƙar, don an san ba wanda ya kai shi. Ya je ya tsaya a bakin ramin farko, wanda bai wuce gwiwa ba, sai ya kasa sa ƙafa a ciki, har sai da aka zaunar da shi. Daga ranar ko rumbu bai ƙara shiga ba. Hancinsa kuma bai ƙara jin komai ba, ko ƙamshi ko wari, ga tari da ya zauna masa a ƙirji.

A Pauwa, Mamuda ya karɓe shi ba laifi, ya ba shi ɗaki a zaure. Maganar gona kuwa, 'ya'yan Mamuda uku sun yi aure a kanta, kuma shi da bakinsa ya ce su noma. Bai tayar da zancen ba. Ya yi damina ɗaya yana bin su kamar ɗan ƙodago, numfashi na tsayar da shi a tsakiyar kunya. Da kaka Lauratu ta ce su koma Sabuwa wurin danginta. A can ya zauna a ƙofar gidan surukai yana tufkar igiyar rama, yana ɗinke guga. Lauratu na yin ƙuli-ƙuli. Mutanen Sabuwa ba su san labarinsa sosai ba, sun dai san shi da Mai Igiya, mutumin da in ana hira ba ya sa baki.

Shekarar da aka ba Katsina jiha, wani direba ya tsaya a ƙofar gidan ya ce ana neman Maharazu a Faskari kan maganar inji, gobe za a zo a ɗauke shi. Maharazu ya sa aka maimaita masa saƙon. Ya shiga ya buɗe akwati ya ciro kakinsa, Lauratu ta wanke ta sa masa shuni. Ya ɗauko littafin Turancin nan da bai taɓa iya karantawa ba ya sa a aljihu. A hanya yana ta lissafin abin da za a fara yi: a zuƙe ɗakuna ukun, a wanke hujin bututu, a nemo kashin shanu, a yi haƙuri da kumfa mako uku.

Ya tarar da mutum biyar da diga da shebur, da wani Alhaji mai babbar riga riƙe da takarda mai hatimi. Shirin noman ya daɗe da rushewa, an yi gwanjon kayansa, Alhajin ne ya saye ƙarafan. Sun riga sun kwance injin sun ɗora a mota, za a kai wa mai niƙa ya yi amfani da abin da ya rage. Abin da ya gagare su shi ne bututun ƙarfen da ke binne, daga gidaje zuwa rami. Sun yi kwana biyu suna tono a banza, sai wani ya tuna akwai wanda ya san hanyarsu.

"Baba, an ce da kai aka shimfiɗa su," in ji Alhajin. "Nuna mana kawai, ba sai ka taɓa komai ba."

Maharazu ya dubi inda lambu yake a da. Ba ko kututture, sai tumfafiya. Ya karɓi sanda a hannun wani lebura, ya fara daga gida na ɗaya, yana tafe yana ja masu layi a ƙasa, yana tsayawa ya yi tari ya ci gaba. Bai yi kuskure ko na taki ɗaya ba. Duk inda ya nuna, diga uku sai a ji ƙarfe. Alhajin ya yi ta yaba masa. Da za su tashi ya ce a kai shi har gida, a gaban mota.

Lauratu na tsakar gida tana murza ƙuli ya shigo. Ta dubi kakin, ba ko ɗigon giris.

"An gyara?"

"An kwashe."

Ta ci gaba da murzawa. Can ta ce akwai fura a ƙwarya.

Ya ƙara damina biyu. Tarin ne ya tafi da shi, cikin watan azumi, yana da shekara hamsin da 'yan kai. Mamuda ya zo daga Pauwa ya tarar an riga an dawo daga maƙabarta. Igiyoyi bakwai ya bari da ya gama tufkawa, da ɗaya rabi, Lauratu ta ba maƙwabta suka ɗaure awaki.